Madugun Ayarin Balma da Rumbun Damargu

Da zarar hunturu ya kankama, iska ta fara kwaso ƙura daga gabas, akwai hajar da ke bayyana a kasuwannin Damargu, daga Tanut zuwa Gangara, daga Olelewa zuwa Balbeji. Kantu ne, gishirin balma. Za ka gan shi a jere a ƙasa, dogo, gindi da faɗi kai da tsini, launinsa ƙasa-ƙasa, kowane ɗaya ya kai kilo 20 ko ya ɗara. A cikin kututturen dabino da aka rarake ake zuba shi, a kife a rana ya bushe, shi ya sa duk suke fitowa kama ɗaya. Wannan ba na miya ba ne. Na miya shi ne beza, fari tas, wanda ake aunawa da tiya. Kantu na dabbobi ne. Bafulatani ya saya ya farfasa wa shanunsa, mai kiwon rago a gida ya sayi gutsure ya ajiye a turke, kuma duk makiyayin da ka tambaya zai ce maka dabbar da ke lasar balma ta fi cin ciyawa, ta fi nono, ta fi jure rani.

Kafin kantun nan ya iso Tanut ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 a bayan raƙumi, kuma akwai mutum guda da ya ja wannan tafiya. Shi ne madugu, uban tafiya.

Yawancin masu sana'ar Buzayen Abzin ne, musamman Kel Ewe na Timiya da Tabelot da kewayen dutsen Bagzan, sai Kel Geres da ke tasowa daga wajen Madawa. Wanda ya ga hotunan jerin raƙuma a kan tudun yashi zai ɗauka harkar hamada ce zalla. Amma ayarin gishiri a gonakin geron Damargu yake somawa. Mutanen Kawar, wato Bilma da garuruwan da ke kusa da ita, suna da gishiri da dabino, ba su da hatsi. Abzin na da raƙuma da awaki da 'yan lambuna a bakin ƙorama, hatsin da yake nomawa ba ya isarsa. Damargu ke da gero, dabbobinta da na ƙasashen kudu kuma suna bukatar gishiri. Aikin madugu shi ne ya ɗinke waɗannan ƙasashe uku a cikin shekara guda, ya dawo gida da mutanensa da raƙumansa cikakku.

Shekararsa daga damina take farawa, lokacin da ake sakin raƙuma a kwarurukan Abzin su ci su yi tozo. Raƙumin da tozonsa bai cika ba madugu ba zai yarda a ɗaura masa kaya ba, ko da mai shi zai yi fushi. Da kaka ta shigo, wajen watan Oktoba, sai a fita yankan ciyawa a gefen duwatsu, a ɗaure ta damma-damma, domin daga bakin hamadar Tenere har Bilma babu abin da raƙumi zai tsinka ya ci. Kowane amale yana ɗauke da abincinsa a bayansa, bakinsa kuma da takunkumi don kada ya miƙa wuya ya cinye na wanda ke gabansa. A kan hanya ana sauke wasu damman a wuraren da aka shaida, a bar su a fili don ranar dawowa. Wani ayari zai zo ya wuce su da raƙumansa masu yunwa, bai taɓa ba. Wannan doka ba a rubuce take ba, amma kowa ya san cewa ɗaukar ciyawar wani a Tenere daidai yake da kashe masa dabbobi, wataƙila har da shi kansa.

Tafiyar kanta ba ta da zango irin na fataken kudu, masu sauka da hantsi su dafa abinci. Ana lafta kaya tun da asuba, a ɗaure akalar kowane raƙumi a jikin kayan na gabansa, a kama hanya har cikin dare, awa goma sha biyar ko fiye. Ba a tsayawa cin abinci, domin raƙumi mai kaya in ya tsaya zai gurfana, tayar da ayari duka kuwa ɓata lokaci ne da ƙarfi. Ana tafe ake dama fura ta garin gero da cuku da dabino, ana miƙa wa juna ƙwarya. Ana tafe ake dafa shayi a ɗan murhun waya da yaro ke lilo da shi a hannu. In lokacin salla ya yi, mutum ya ratse gefe ya yi taimama ya sallata, sannan ya sa gudu ya cimma jerinsa. Daga rijiyar da ke wurin tsohuwar bishiyar Tenere, wadda wani direban babbar mota ya kaɗe a 1973 har aka kai gawarta gidan tarihi na Yamai, sai an yi kwanaki kafin a ga dabinon Fashi. Daga Fashi zuwa Bilma ma wasu kwanakin ne a tsakanin tuddan yashi.

A nan ake gane madugu. Shi ne a gaba, sau da yawa a ƙasa, akalar raƙumin farko a hannunsa. Da rana yana duba inuwarsa, yana duba yadda tuddan yashi suka kwanta da yadda iska ta zana su. Da dare yana bin Kaza da 'Ya'yanta idan suka keto daga gabas, da taurarin da Buzaye ke kira Amanar masu biyo bayansu, kuma ya san lokacin da suka yi sama har suka daina nuna hanya, ya koma ga wasu. Ɗan karkacewa kaɗan da safe, in aka bi shi yini biyu, ya isa a wuce rijiya ba a gan ta ba. Amma sanin hanya rabin aikin ne. Ɗaya rabin lissafi ne: salka nawa ta rage, wane raƙumi ne ya fara jan ƙafa, wa za a rage wa kaya a ɗora wa wa, wane yaro ne barci ke neman kayarwa daga kan amale. Madugu ba ya ɗaga murya da yawa. Ba shi da dogari, ba shi da bulala a kan kowa, kuma shi ma da nasa raƙuman da nasa kayan a cikin jerin. Ana bin sa ne kawai domin an sha bin sa an isa.

Ba a koyon wannan a shekara ɗaya ko biyar. Yaro yakan fara da tafiyar kudu, inda akwai ruwa da mutane, ya koyi dabaibayi, ya koyi ɗaurin kaya yadda ba zai goge bayan dabba ya zama gyambo ba, ya koyi gane sawun raƙuman gidansu a cikin sawun ɗari. Sai ya yi ƙwari ake tafiya da shi Bilma. Daga cikin masu ƙetare Tenere shekara da shekaru, kaɗan ne ke riƙe hanya a ka, kuma daga cikin masu riƙe hanya kaɗan ne mutane ke yarda su ba su ransu.

A Bilma, Barebari ne ke aikin gishiri a ramukan Kalala. Kowane mai ayari yana da amininsa a can, sau da yawa amincin gado ne daga iyaye. Ya sauke gero da cuku da busasshen nama da kayan lambu, ya karɓi kantu da beza da dabino. Yau kuɗi ma sun shiga ciki, amma gero bai rasa darajarsa ba. Kwana kaɗan ake yi, don ciyawa tana ƙarewa. A naɗe kowane kantu da kaba da ciyayi, domin wanda ya karye farashinsa ya faɗi, a ɗora wa raƙumi huɗu zuwa shida, a juyo. Dawowa ta fi tafiya wuya: kaya sun yi nauyi, tozo ya sauka.

Bayan ɗan hutu a Abzin sai tafiya ta biyu, wadda ita ce doguwa, ita ce kuma ba a cika ɗaukar hotonta ba. Wajen Disamba ayari ke gangarowa kudu, ya bar mata da yara da awaki a gida, ya shigo Damargu daidai lokacin da aka gama girbi. Wasu su tsaya nan, wasu su zarce Damagaram, Tasawa, Katsina, har Kano. A nan madugu ke ajiye ilimin taurari ya ɗauko na zama da mutane. Hausa a bakinsa take. Ya san ranar kowace kasuwa, ya san garin da damina ta yi kyau bana da wanda fari ya taɓa, ya san dillalin gaskiya. Yana da maigida a ƙauye, manomi, wanda zai tare shi da sannu da hanya, ya mutanen Abzin, ya nuna masa gonar da zai sauka. Raƙuma su ci kara da ganyen gawo da ƙaya, su kwana a gonar su zuba mata taki. Manomi ya ba da damman gero da ruwa, baƙo ya ba da gishiri da dabino. Madugu mai hankali yana sayen gero tun da isowarsa, lokacin da tiya ke da araha, ya bar shi amana a rumbun maigidansa, ya ci gaba da yawon sayar da kantu ƙauye-ƙauye. Waɗanda suka kai ƙasar Kano sukan dawo da turkuɗin Kura, baƙin rawani mai sheƙi da Buzu ke ji da shi. Kafin hadarin farko ya haɗu an kwashe amanar, an nufi arewa. Geron nan shi iyali za su ci, abin da ya saura kuma shi ne za a kai Bilma da kaka mai zuwa. Wanda bai iya tafiya ba, tsoho ko gwauruwa, yakan ba ɗan'uwa raƙuminsa, a dawo a raba abin da aka samu.

Tsarin nan ya daɗe. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, tare da ayarin gishirin Kel Ewe ya gangaro daga Abzin a ƙarshen 1850, ƙarƙashin kariyar wani babbansu mai suna Annur. A Tagelel ta Damargu, garin Annur ɗin, ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson a watan Janairun 1851, ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano. Abin da ya gani shi ne manyan Abzinawa suna da ƙauyuka da gonaki a Damargu. Kuma dole a faɗi gaskiya: da yawa daga cikin masu noma gonakin nan bayi ne, wasu kuma talakawan Dagirawa da Hausawa ne masu biyan hatsi don a bar su lafiya. Ciniki da ƙarfi a haɗe suke tafiya. A ƙarshen ƙarni na 19 hanyar Kano zuwa Tarabulus ta Damargu ta bi, har 'yan kasuwar Gadamas suka zauna a Jajiduna suna sayen gashin jimina. Faransawa da suka zo a farkon ƙarni na 20 sun ba da labarin ayarin Bilma mai raƙuma wajen 20,000. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya kashe cinikin ƙetare hamada zuwa teku. Kwashe raƙuma da Faransawa suka riƙa yi don aikin soja, da yaƙin Kawusan ɗan ƙabilar Ikazkazan wanda ya kewaye Agadas daga Disambar 1916 zuwa Maris 1917, da ramuwar da ta biyo baya, sun kusa ƙarar da dabbobin Abzin. Farin 1973 da na 1984 suka sake yin ɓarna. Duk da haka ayarin gishiri ya riƙa tashi bayan kowace faɗuwa, domin shi ba gashin jimina yake kaiwa Turai ba, abinci yake kai wa masu jin yunwa.

Duk wanda ya zauna a zauren malamai ya ji labarin Tatar, wato Mongol, waɗanda suka rusa Bagadaza a 1258 ƙarƙashin Hulaku, jikan Jangiz Khan. Abin da yawancinmu muka sani game da Mongol ke nan: doki, kibiya, wuta. Ba ƙarya ba ne, ɓarnar da suka yi ta wuce misali. Sai dai wanda ya san madugu zai karanta tarihinsu da wani ido. Akwai ma mutumin da ya taka ƙasashen biyu, ta Mongol da ta Buzaye, da ƙafarsa. Ibn Baɗuɗa ya ratsa filayen ciyawa na arewacin Baƙin Teku a cikin amalanke ya isa sansanin Uzbak Khan a shekarun 1330, ya ga yadda ake kora dawaki dubbai zuwa kasuwannin Indiya. Shi ne kuma a 1353 ya sauka a Takadda, yamma da Abzin, ya ba da labarin tagullar da ake kaiwa Gobir da Barno, sannan ya bi ayari ya ratsa gefen Abzin zuwa arewa. A wurare biyun makiyaya ya tarar, kuma a wurare biyun rayuwarsu a ɗaure take da kasuwa da gonar wasu.

Dubi abincin Mongol. Wani malamin Kirista ɗan Italiya, Carpini, da Fafaroma ya aika wurinsu ya isa a 1246, ya rubuta cewa da sanyi, in nono ya yi ƙaranci, wani irin gero suke dafawa da ruwa tsararo su sha. Wani da ya zo bayansa, Rubruck, ya bayyana yadda suke busar da cukwin nono ya yi tauri, a ajiye, a jiƙa da ruwa lokacin bukata. Ɗan ayarin Timiya ba zai yi baƙunta a wannan ƙwaryar ba. Dubi kuma babban birninsu, Karakorum, wanda Ogodai ɗan Jangiz ya gina a 1235 a tsakiyar makiyaya. Masanin tarihi Rashiduddin ya ce amalanke 500 na abinci da abin sha ake shigo da su birnin kullum daga ƙasashen noma. Da rikicin sarauta ya tashi a 1260 tsakanin Kublai da ƙanensa Arik Boke, Kublai da ke riƙe da gonakin arewacin Sin sai ya toshe hanyar hatsi. Yunwa ta kama Karakorum, kuma a 1264 Arik Boke ya miƙa wuya. Duk dattijon Abzin zai gane wannan labari tun kafin a kai ƙarshensa, domin ya san abin da ke faruwa a Timiya a shekarar da geron Damargu bai yi ba.

Hatta yaƙin da ya buɗe musu ƙofar ƙasashen Musulmi, a kan ayari ya tashi. A 1218 gwamnan Utrar, a ƙasar Kazakistan ta yau, ya kama fatake wajen 450 da suka zo daga wurin Jangiz, galibinsu Musulmi, ya kashe su ya kwashe kayansu. Shekara ta gaba rundunar Mongol ta auka wa daular Khawarizm. Sarakunan Mongol da matansu sukan ba fatake jari su yi ciniki a raba riba, sun kuma kafa zanguna a kan manyan hanyoyi inda manzo zai sauya doki ya samu abinci. Mutanen da suka ɗauki hanya da muhimmanci haka ba mahara ne kawai ba.

Bambancin ma yana koyarwa. Raƙuminsu mai tozo biyu ne, abokin gabarsa sanyi da ƙanƙara. Namu mai tozo ɗaya, abokin gabarsa ƙishirwa. Su suna da ciyawar da za ta ciyar da dawaki dubu ɗaruruwa, har kowane mayaƙi ya ja dawaki da yawa, aka jera su goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu bayan an naɗa Jangiz a 1206. Abzin bai taɓa samun irin wannan ciyawa ba. Rijiya ɗaya ba ta shayar da runduna. Saboda haka ƙarfin Buzaye bai zama daula mai cin ƙasashe ba, ya tsaya a kan riƙe hanya da kare ayari da ƙulla aminci. A ganina ɗalibin tarihi a Tanut ko a jami'ar Damagaram da ke son fahimtar yadda makiyayan Asiya suka rayu, ya kamata kafin ya gama littattafansa ya nemi tsohon madugu a kasuwar raƙuma ya zauna da shi yini guda, ya tambaye shi yadda ake lissafin ciyawa. Littattafan tarihi masu birni ne suka rubuta su, kuma mai birni yakan tuna da makiyayi ne ranar da ya zo da takobi, ya manta da sauran ranakun shekara da yake zuwa da gishiri.

Yau manyan motoci suna ɗauko kantu daga Bilma ta Dirku da Agadas, suna riga raƙumi isa kasuwa. Ba su kashe ayari ba, domin raƙumi ba ya shan mai, kuma yana shiga ƙauyen da mota ba ta zuwa, amma sun rage masa riba. Tawayen shekarun 1990 da na 2007 zuwa 2009 sun tsorata hanya. Rufe iyakar Najeriya a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, da faɗuwar naira, sun taɓa masu zarcewa Katsina da Kano. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, samari da yawa na Abzin sun ga hanyar samun kuɗi da ba ta bukatar shekara ashirin ta koyo, kuma ba wanda zai zarge su.

Amma abin da ya fi damuna yana nan Damargu, a gona. Dokar 1961 ta ja iyakar noma daga arewa, ta bar abin da ke bayanta ga makiyaya, iyakar kuma ta nan yankin ta ratsa. Yawan jama'a da gajiyar ƙasa sun tura gonaki sun haye ta, a kwarin Tarka da wasu wuraren, burtali ya ƙuntata. Manomin da a da yake roƙon baƙo ya kwana a gonarsa, yau yana kwashe kara ya tara a kan rumfa, domin shi ma yana da tumaki, kuma kara ya zama kuɗi da rani. Ba mugunta ba ce, talauci ne. Sai dai gonar da aka kwashe wa kara, ba a zuba mata taki ba, iska ce ke cin ta, geron baɗi kuma ya ragu ga kowa. Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙin makiyayi ne, kuma kowace shekara hukuma na sa ranar sakin gonaki bayan girbi. Idan aka ja ranar ta yi nisa, ayari zai iso ya tarar da ƙasa a rufe, raƙuman da suka ƙetare Tenere sau biyu su tsaya a bakin gona da yunwa, abin da ke biyo baya kuma ɓarna ce da tara da gaba. Sarakunan gargajiya da hukumomin Tanut da Tarka da Gangara da Olelewa su ne ke zama a kan wannan rana, su ne kuma ke da bakin magana a kan rijiyoyin da ke hanyar arewa. Ya kamata a riƙa kiran madugai wurin zaman, a ji daga bakinsu yaushe za su iso da raƙuma nawa, kafin a yanke.